Abokin da Kawu Yake Kira a Tsakar Gida

Kawu ya koma ga Wanda ya yi shi, mu kuma muna nan muna jiran namu lokacin. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kowa da irin makokinsa. Fulanin wajen Gubi sun zo gidanmu na Ƙofar Ran, suka jingine sandunansu a bangon zaure, suka zauna can ƙarshen tabarma. Wani tsoho a cikinsu ya ce tun da Dokta ya bar aiki ba a sake samun likitan da zai tambayi sunan saniya kafin ya yi mata allura ba. Tsofaffin abokan aikinsa kuwa addu'a ɗaya suka yi, suka shiga gardamar wa ya riga wa shiga ofis. A cikin gida, Inna, wato mahaifiyata kuma ƙanwar marigayin, ta yi kuka har ta gaji, sannan ta koma yi masa faɗa kamar yana jin ta. Wai sau nawa ta ce ya rage sukari a shayi. Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana zaune a kan darduma, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ina tsaye a bakin zaure ina miƙa kwanukan gumba waje, sai ga keke ya tsaya. Wani tsoho ya sauko da kyar yana dogara sanda. Sai da na ƙura masa ido na gane Baba Direba ne, wanda ya yi shekaru yana tuƙa Kawu zuwa rugage rigakafin shanu. Kirista ne, mutumin kudancin jihar nan, kuma tun da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu ba mu sake ganinsa ba. Ya gaisa da jama'a, ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga murya irin ta wanda kunnensa ya fara nauyi.

"Ina yaron? Ina Gintara?"

Mai shafa addu'a ma hannunsa ya tsaya a gemu. Yaron da ake nema yana zaune a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa, da furfura a haɓarsa. Shi ne ɗan farin Kawu, taubashina. Kowa a wurin, ban da Baba Direba, ya san shi da kansa ya haramta wannan suna tun yana saurayi. Ni kuma na san abin da ba kowa ya sani ba: Kawu ya rasu yana jiran izinin ya kira shi da shi sau ɗaya.

Zan dawo kan tabarmar nan. Sai na fara faɗin inda sunan ya fito.

Kawu yana cikin samarin da gwamnati ta tura karatu ƙasashen gurguzu a zamanin da ake yin haka. Mutanen unguwa cewa suke Rasha ya je, shi kuwa babu abin da ya tsana kamar wannan. "Ba Rasha ba, Lituwaniya," in ji shi. "Don kawai ina jin Hausa sai ka ce ni Bahaushe ne?" A wani gari da ake kira Kaunas ya karanta likitancin dabbobi, ya dawo da halaye uku da ba su bar shi ba har ya mutu. Yana shan shayi baƙi ba madara, shi da yake jikan masu shanu. Yana cin dankalin turawa kamar an yi masa wasiyya da shi. Kuma ba ya yarda wani a Bauchi ya ce ana sanyi. In ka shigo kana kakkarwa sai ya dube ka ya ce, "Ka taɓa ganin hawaye ya daskare a fuskar mutum? To zauna ka yi shiru."

A makarantar ya yi aboki, ɗan ƙasar, sunansa Gintaras. Da hutu ya zo ɗalibai suka watse, Kawu ba shi da inda za shi, sai abokin ya tafi da shi ƙauyensu a bakin teku. Uwar abokin ta ga baƙo ba ya taɓa nama, ta tambayi ɗanta dalili. Washegari ta fito da sabuwar tukunya da sabon cokali, ta nuna wa Kawu su, ta nuna alade a garke ta girgiza kai, ta rataye tukunyar a ƙusa daban. Duk hutun da ya yi a gidan har ya gama karatu, a tukunyar nan ake dafa masa. Kawu ba mai yabon mutane ba ne. Abin da yake cewa a kanta kawai shi ne, "Matar nan ta san baƙo."

Ma'anar sunan kuwa duk yaron da ya tashi a gidanmu ya sha ta. Kawu yana da wani ɗan dutse a aljihun gaban rigarsa, ruwan zuma, mara nauyi, da ɗan ƙwaro a cikinsa. In ya ga mun taru sai ya fito da shi ya goga a hularsa, ya kusantar da shi ga dusar da aka zuba wa tumaki, mu ga dusa tana tsalle tana mannewa. Sai ya ce wannan shi ne gintaras. Ba dutse ba ne na asali, ƙaro ne. Itatuwan wani daji ne suka zubar da shi tun kafin a san akwai mutane a wurin, teku ta cinye dajin, ƙaron ya sandare a ƙarƙashin ruwa. In an yi guguwa sai teku ta amayo shi, mutane su fita da komar kamun kifi su tsamo shi cikin ciyawar ruwa. Ya ce mutanen ƙasar su ne na ƙarshe a nahiyarsu da suka bar addinin gargajiya, shi ya sa har yau ba su saki tsofaffin sunayensu ba, na itace da na ruwa da na abin da ƙasarsu take alfahari da shi. Asalin kalmar kuwa ko malamansu ba su daidaita ba. Wasu sun ce daga kalmar karewa ta fito, don da can ana rataya wa jarirai shi a wuya. Wasu sun ce ba haka ba ne. Kawu ya ce shi likitan shanu ne, ba zai raba musu gardama ba.

Mu dai dusar ce ta dame mu. Kullum sai mun ce ya sake.

Da aka haifi ɗan fari, aka yi masa huɗuba da sunan kakanmu, mahaifin su Kawu. Nan abu ya zama biyu. Mu gidan Fulani ne, ko da yake kakanmu ya zauna a gari tun kafin a haifi Inna. A gidanmu uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya ma kiransa da laƙabin da sauran jama'a suke kiransa. Ga shi kuma sunan mahaifinsa ne, wanda dama ba ya iya furtawa. In uba yana son ɗan fari sai ya ce, "Ku ce wa wancan ya zo." Haka aka yi wa Kawu Babba, yayansu, haka shi ma ya yi wa nasa, babu wanda ya ga abin magana a ciki.

Inna ta ce yaron yana rarrafe wata rana a tsakar gida, ya nufi murhu. Kawu yana zaune a kujerarsa ta bakin rumfa, sai kawai aka ji ya daka tsawa, "Gintaras!" Yaro ya tsaya, ya waiwayo, ya yi dariya. Mata suka dubi juna. Kakarmu tana da rai a lokacin, ta ce, "Kai, ɗan naka kake kira?"

Kawu ya ce, "Ni? Abokina nake kira. In yaro ya amsa, ruwansa."

Da wannan ya tsira. Babu inda aka hana mutum ambaton abokinsa. Daga ranar Kawu ya shiga kiran abokinsa safe da yamma. Abokinsa ya kawo buta, abokinsa ya ɗauko rediyo, abokinsa ya zo a tafi Gubi duba shanu. Yakan tsaya a bakin rumfa ya ja sunan har a ji a zaure, yaron kuma ya amsa da "Na'am!" daga duk lungun da yake, ya taho da gudu. Sauran gida suka ɗauka, suka yar da ƙarshen sunan don bakinmu bai saba ba, ya zama Gintara. Kawu kaɗai yake faɗinsa cikakke. Abokin na ainihi kuwa labarinsa ya yanke tun da daɗewa, Kawu bai san ko yana raye ba.

Wanda bai lamunta ba shi ne Kawu Babba. Mutum ne mai karatu, mai zafi, kuma a ganinsa duk abin da bai ji a bakin malaminsa ba bidi'a ne. Ina 'yar makarantar firamare suka yi rigimar da har yau ake tunawa a gidan. Bayan sallar Juma'a ne, suna cin abinci a zaure, Kawu Babba ya ce ya gaji da jin ana kiran mai sunan mahaifinsu da sunan arna.

"Yaya, ba ka da 'ya Murjanatu?" in ji Kawu. "Murjani ba daga teku ake tsamo shi ba?"

"Wannan daban. Wannan an san shi."

"To wannan ma ka san shi. Miƙo carbinka."

Carbin nan Kawu Babba daga Makka ya zo da shi, ruwan zuma ne, ba ya barin kowa ya taɓa. Kawu ya karɓa, ya goga a hula, ya kai kan ɗan zaren da ya faɗo daga tabarma, zare ya ɗago ya manne. Ya ce, "Kullum kana jan sunan yaron nan sau ba adadi kana salati da shi, ban taɓa cewa komai ba."

Kawu Babba ya fizge carbinsa ya tashi, ya bar tuwo. Sai da azumi ya zo suka shirya. Bai sake ta da maganar ba, bai kuma bar carbin ba. Da shi a hannunsa ya rasu.

Kada a ɗauka Kawu mai sauƙin kai ne. Yana da taurin kai, yana da baƙar magana, kuma ya fi haƙuri da dabba a kan mutum. Na taɓa ganin ya kori wani mai kuɗi daga ƙofar gida don ya ɗaure ragon layya a rana. Amma in makiyayi ya zo da asuba ya ce saniya ta kasa haihuwa, ko shayinsa bai sha ba zai tashi. Baba Direba yakan ce su biyun sun fi kwana a mota a kan gidajensu. Ranar Lahadi in aiki ya kama su a hanya, Kawu yakan sa a tsaya a duk cocin da suka tarar, ya zauna a inuwa ya jira shi ya fito.

Taubashina ya girma da sunan, kuma sunan bai yi masa daɗi a waje ba. A makaranta an tsokane shi, mu taubasai ma ba mu raga masa ba, don aikinmu ke nan. Duk wannan ya shanye. Abin da bai shanye ba shi ne maganar aurensa na farko da bai yiwu ba. Ya nemi wata yarinya a Fadaman Mada, iyayenta suka turo bincike unguwarmu, masu binciken suka ji ana cewa Gintara. Kafin a ce haka magana ta yi reshe. Wasu suka ce uwarsa Baturiya ce aka ɓoye. Wasu suka ce uban ya bar addini a can ya dawo yana sallar ganin ido. Aka dawo da kayan gaisuwa ba tare da wani bayani ba.

Bai iya fuskantar mahaifinsa ba, don shi ma kunyar ta ɗaure shi. Wajen Inna ya zo, a matsayinta na goggonsa, ya ce ta sanar da kowa daga yau duk wanda ya sake kiransa da sunan nan babu shi babu shi. Inna ta ce, "Har da ubanka?" Ya ce, "Shi ne ya fara." Inna ta je ta faɗa wa Kawu a bakin rumfa. Ya saurara har ta gama, ya juya kofin shayinsa, ya ce, "To. Shi ake kira, shi ke da iko."

Bai sake faɗa ba. Tsakar gidan ta yi shiru, ya koma "ku ce wa wancan" kamar kowane uba a danginmu. Taubashina ya yi aure daga baya, ya buɗe shagon kayan gini, ya tashi ya koma Fadaman Mada ɗin dai. Yana zuwa gaisuwa kowace Juma'a, ya durƙusa, Kawu ya amsa yana kallon gefe, ya tashi ya tafi. Shi a ransa uban fushi yake da shi. Ya sha gaya mini haka. Yakan ce tun ranar Baffa, wato mahaifinsa, ya cire shi daga ransa, ko kallonsa ba ya yi.

Ni ban san gaskiyar abin ba sai a kwanciyar Kawu ta ƙarshe. Ina koyarwa ne, shi ya sa yake ce mini Malama, kuma da yake ni 'yar ƙanwarsa ce babu kunya a tsakaninmu. Na je asibiti da rana bayan an tashi daga makaranta. Matarsa ta je gida ɗauko abinci, taubashina yana zaune a kan benci a waje. Jikin Kawu ya yi sanyi ƙwarai, amma hankalinsa garau yake. Ya yafito ni.

"Malama, wancan yana nan?"

"Yana waje, Kawu. In kira shi?"

"Ke kina da abin kiransa." Ya maida numfashi. "Ni guda ɗaya na samu. Na je har ƙarshen duniya na samo wanda kunya ba ta san shi ba. Ya karɓe."

Na ce ai ya ɗauka fushi kake yi.

"Fushin me? Ya ce a bari, na bari." Ya dubi ƙofa. "Ki tambaye shi ko zai ara mini. Sau ɗaya."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ji haushin su duka biyun, manyan mutane da ƙofa ɗaya a tsakaninsu suna aiken mace. Na fita na zauna kusa da taubashina na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ya juyo ya dube ni.

"Ba abokinsa yake kira ba?"

"Kai ma da girmanka ka yarda da wannan?"

"Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

"Da wane bakin? Ya ce maka wa?"

Ana cikin haka aka kira la'asar a masallacin asibitin. Ya miƙe ya ce bari ya yi salla ya dawo, ba ya son ya shiga da fuskarsa a haka. Na koma ciki na ce wa Kawu yana zuwa. Ya ɗaga kai alamar ya ji, ya sa ido a ƙofa. Kafin a idar da salla numfashinsa ya canja. Na kira ma'aikata, suka yi abin da za su iya, na yi ta laƙanta masa kalmar shahada yana bi a hankali. Da taubashina ya ɗaga labule, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba, an riga an ja mayafi. Ban san da wace amsa ya dawo ba. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce ba.

Ɗan dutsen nan yana aljihun rigar da aka cire wa Kawu. Matarsa ta ba ni ta ce in kai wa wancan, don ita ma ɗan farinta ne, ba ta da bakin miƙa masa. Na kai masa ranar jana'iza. Ya karɓa ya sa a aljihu bai duba ba.

To ga mu a ranar sadakar uku. Baba Direba yana tsaye da sandarsa, bai san ya taka komai ba. Da ya ga babu wanda ya tanka sai ya ɗauka ba a ji shi ba. Ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji, ya ja sunan yadda ya saba jin maigidansa yana jansa, har da ƙarshen da mu muka yar.

"Gintaras!"

"Na'am!"

Ba amsar magidanci mai karɓar gaisuwa ba ce. Da ƙarfi ta fito, har matan da ke tsakar gida suka ji, Inna ta saki ludayi. Taubashina ya yunƙura ya miƙe tsaye, amma bai dubi Baba Direba ba. Cikin gida ya juyo, wajen rumfa, inda kiran yake fitowa. Ni ya gani a bakin zaure da kwanon gumba a hannu, bayana kuma kujerar Kawu, an ɗora mata tabarmi.

Ya ɗan tsaya a haka. Sannan ya juya, ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi kusa da shi.

"Ka yi hankuri, yaro," in ji Baba Direba. "Mamanka yana ciki?"

"Tana ciki, Baba."

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya kira shi da sunan da ya fi so. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.